Soyayyen Rogo a Gidan Abincin Indiyawa na Birnin Lesta

Assalamu alaikum, masu kallo. A daren yau muna birnin Lesta na ƙasar Ingila, garin da yawancinku kuka sani ta dalilin ƙungiyar ƙwallon da ta ɗauki kofin Firimiya a 2016, sai dai mu yunwa ce ta kawo mu titin Belgrave, inda shagunan gwal da na tufafi da gidajen abincin Indiyawa suke jere. Wanda muka shiga ƙarami ne, na iyali guda: maigidan yana wurin karɓar kuɗi, uwargidan tana kicin, 'yarsu kuma ita ce ke kai wa baƙi abinci.

Asalinsu mutanen jihar Gujarat ta ƙasar Indiya ne, mabiya addinin Hindu, ba sa dafa nama ko kifi ko ƙwai, kuma wannan ya hutar da ni daga tambayar da nake yi a kowane gidan abinci a ƙasar nan, wato ko naman yankan Musulmi ne.

Abin da kuke gani a gabana shi suke kira thali, babban tire ne na ƙarfe da aka jera ƙananan kwanoni a kansa. Ga miyar wake da suke kira dal, ga wata farar miya ta kindirmo, ga kuɓewa da aka soya har yauƙinta ya mutu, sannan ga gurasa siririya da aka shafe da man shanu tana tururi. Gaskiyar magana ita ce lomar farko ta ba ni mamaki, domin mutanen Gujarat suna jefa mazarƙwaila a miya, harshen Bahaushe kuwa bai saba haɗuwa da zaƙi a miyar wake ba. Sai a loma ta uku, da tsami da yaji suka biyo baya, na fara fahimtar inda aka dosa.

Amma abin da ya tsayar da ni shi ne wannan farantin na gefe. Rogo ne, jama'a, an dafa shi an soya, an barbaɗa masa barkono da gishiri, an matsa lemon tsami. Da na tambayi dattijon maigidan yadda rogo ya shigo girkinsu, sai ya bar teburinsa ya zo ya zauna, ya shaida mini cewa a Kampala, babban birnin Uganda, aka haife shi. Suna kiransa mogo, daga kalmar Swahili ta muhogo, kuma daga Gabashin Afirka suka taho da shi. A watan Agusta na 1972 ne Idi Amin, shugaban Uganda na lokacin, ya ba 'yan asalin Asiya kwana 90 su fice daga Uganda. Hukumar birnin Lesta har talla ta buga a jaridar Uganda Argus tana gargaɗinsu kada su zo, amma dubbai suka zo, kuma da yawa daga cikin shagunan titin nan su suka buɗe su.

Muna cikin wannan hira uwargidan ta fito da kanta ta ƙara mini gurasa biyu ba tare da na nema ba, na ce mata, "Mama, na ƙoshi," ta yi kamar ba ta ji ba. Yanzu ga shayin madara mai citta ya iso, kuma na roƙi a ƙulle mini sauran rogon, domin ina da yajin ƙuli da aka aiko mini daga Kano, ina so in gwada su tare gobe da safe.