Kuɗin da Sinawa Ke Ƙona wa Kakanninsu

To jama'a, abu uku zan faɗa in lokaci ya bari. Na baya kuna ji na? Madalla.

Na farko, yaushe ake yi. Ranar 4 ko 5 ga Afrilu Sinawa ke bikin Qingming: a je maƙabarta, a share kabarin kakanni, a ajiye abinci, sai a cinna wa takardu wuta. Haka ma ranar 15 ga watan bakwai a lissafinsu na wata. A imaninsu, abin da wuta ta ci ya isa hannun mamaci, zai kashe a can.

Amma kuɗin nake so ku gani. Ga guda na zo da ita, a miƙa baya, a dawo min da abata. Ku duba, inda muke sa hoton shugabanni, su Yu Huang suka sa, wanda suke ɗauka sarkin sama. Ga sunan banki, wai bankin lahira, ga lamba, ga sa hannu. Yanzu ku ƙirga sifilin. Ku ƙirga mana! Biliyan ɗaya, takarda guda! (dariya) Alhali bandir sukutum a shagunan Hong Kong kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Kowa so yake kakansa ya fi na maƙwabci, sai masu bugawa suka yi ta ƙara sifili, suna ƙarawa, suna ƙarawa. Su kansu Sinawa suna raha cewa tsadar kaya ta gama da mutanen can. Kada ku cika dariya fa, a 2009 Zimbabuwe ta fitar da takardar dala tiriliyan 100, kuma masu rai aka ba. Sannan Sinawan nan su suka fara kuɗin takarda a duniya, a yankinsu na Sichuan, ƙarni na 11.

Na uku... a'a, na biyu ko? Ba kuɗi kaɗai ba, har gida da mota da wayar hannu na takarda ake ƙonawa. A 2016 kamfanin Gucci mai jakunkuna masu tsada ya gargaɗi masu sayar da kwaikwayon jakunkunansa na takarda a Hong Kong, daga baya ya ba da haƙuri.

Na'am, ɗan'uwa?

"Malam, to nawa take a naira?"

Ko kwabo. Kai ta Wapa ka ga kallon da 'yan canji za su yi maka. Kuɗin gaske yana aljihun mai shago da mai bugawa. Af, ina takardata? Wa ya riƙe ta?