Awon Kogo: Me Ya Sa Mita 10 Ba Ta Cika 10 a Taswira?

Jama'a, tambayar da ke ta yawo ke nan: masu awo sun ja tef cikin kogo sun ce mita 10, amma da aka duba taswira sai aka ga bai kai ba. Wasu har sun ce an yi kuskure. Ba kuskure ba ne. Ku biyo mu ciki.

Shiri a gurguje: hular kwano, fitila uku ga kowane mutum, sannan a bar wani a waje wanda ya san lokacin fitowarku. Wannan na ƙarshen ban yarda a yi sakaci da shi ba, komai ƙanƙantar kogon.

Ga alama ta farko a jikin dutse, ga ta biyu can inda ido ke hangowa. Tsakaninsu abu uku ake ɗauka: nisa, alƙibla, da gangara. Ku lura yadda mai awon take nisanta kamfas, wato na'urar nuna alƙibla, da fitilar goshinta, don ƙarfe da batir na karkatar da allurar.

To, a nan ake ruɗewa. Tef yana bin gangara ne, ita kuwa taswira daga sama take kallon kogon. Ku jingina tsani da bango: tsawonsa na nan, amma filin da ya ci a ƙasa ya ragu. Haka abin yake a nan. Tef ya ce mita 10, gangara digiri 30. A shimfiɗe kun ci mita 8.66 ne kawai, kun kuma nutsa ƙasa mita 5. A ce gangarar ta kai digiri 60, sai lissafin ya juye: 5 a shimfiɗe, 8.66 zurfi. Idan rami ne a tsaye ƙyam, ko mita 20 kuka sauka da igiya, ɗigo ɗaya za ku gani a taswira.

Shi ya sa ake yin zane na biyu, wanda ke nuna kogon ta gefe. Ku dubi su tare. A ganina, duk wanda ya nuna muku ɗaya ya bar ɗayan, rabin labari ya ba ku.

Saura kuwa, ana sake auna alƙibla daga alama ta biyu zuwa ta farko, a tabbatar bambancin digiri 180 ne. Ana rubuta faɗi da tsayin kowane wuri da fensir, saboda danshi na ɓata tawada. Jemagun nan da ke maƙale a sama, a rage haske a wuce su a hankali.