Jawabin Maraba Ga Mai Girma Kwamishinan Matasa Da Wasanni A Shagonmu Na Jos

Assalamu alaikum. Mai girma Kwamishina, ranka ya daɗe, mai unguwa, iyayenmu dattawa da ƴan uwana masu sana'a, barkanku da zuwa. Yallaɓai sannu da hanya, sannu da sanyin Jos, mun san ayyuka sun maka yawa amma ka tako har cikin ƙurar katakonmu, wallahi mun ji daɗi sosai.

Wannan allon da ke jingine a gabanka shi ne kayitbod, mu dai allon lema muke ce masa. Mutum zai saka ƙafafunsa a madaurin da ke kai, ya ɗaura ɗamara a ƙugu, wata ƙatuwar lema tana can sama da igiyoyi masu tsawon mita 20 zuwa 24, iska ta cika ta sai ta ja shi yana zamiya a kan ruwa. Wasu ƴan uwa biyu ne a Faransa, Bruno da Dominique Legaignoux, suka yi rajistar lemar da ake hura wa iska a 1984, kuma a 2024 wasan ya shiga gasar Olamfik, aka yi tseren a tekun Marseille. A nan Afirka ma Turawa na tururuwa zuwa Dakhla da Zanzibar da Cape Town saboda shi, kuma allunan da suke hawa masu tsada ne ƙwarai.

To abin da ya ja hankalinmu kenan, da muka duba cikin allon sai muka ga ashe katako ne, aikin kafinta ne. A waje suna amfani da wani icce mai suna paulownia saboda ba shi da nauyi, mu ba mu da shi, sai muka shiga kasuwar Katako muna ɗaga falanki ɗaya bayan ɗaya har muka tsaya a kan malaina busasshiya, ta fi wancan nauyi gaskiya amma tana karɓar gam kuma ba ta saurin tsagewa. Muna yanka ta siri-siri mu haɗa, mu feƙe ta yadda tsakiya zai fi kauri bakin ya yi siriri, sannan a shimfiɗa ƙyallen faiba sama da ƙasa a shafe da gam ɗin epoksi a matse a kan tebur mai lanƙwasa. Wannan lanƙwasar ranka ya daɗe ita ce ran allon, in ta yi yawa allo ba ya gudu, in ta yi kaɗan hancinsa ya dinga nutsewa yana watsa wa mutum ruwa a ido. Tsawon wannan allon santimita 138 ne, gaba da baya duk ɗaya, shi ya sa mai hawa ba sai ya juya shi ba in zai koma inda ya fito.

Na farkon da muka yi ɓarewa ya yi kamar albasa. Lokacin hunturu ne, ka san garin nan yana sama da mita 1,200 a kan tudu, sanyin dare ya hana gam ɗin kamawa yadda ya kamata, kuma da buhunan yashi muka danne shi sai kumfar iska ta maƙale a ciki. Yaran nan sun yi sati uku suna goge shi da samfefa, ranar da ya ɓare akwai wanda ya yi hawaye. Daga nan muka koyi rufe allo da bargo mu kunna ƙwan lantarki a ƙarƙashi don ya samu ɗumi, in an ɗauke wuta a tada janareta.

Yallaɓai buƙatunmu biyu ne. Na ɗaya injin zuƙe iska, wanda ake saka allo a cikin leda ya matse shi ko'ina daidai, da shi maganar kumfa ta ƙare. Na biyu a taimaka mana mu kai allunan nan Legas a gwada su a teku a hannun waɗanda suka iya. Kududdufan da haƙar kuza ta bari a Rayfield da kewaye suna da zurfi da haɗari, ga duwatsu da bishiyoyi suna karya iska, ba zan yarda in tura ɗan kowa can da lema ba.

Yanzu in ka amince ranka ya daɗe, ƙaramin cikinmu wanda ya zana taswirar Filato a bayan allon zai miƙo maka shi, ka ɗaga ka ji nauyinsa, sai mu shiga ciki ka ga teburin matsewar.