Uba ya saci tunkiya: ɗa ya tona ko ya rufa?

Jama'a masu sauraro, idan uba ya saci tunkiya, ɗansa ya je ya ba da shaida a kansa, yabo ya kamace shi ko tir? Sama da shekara dubu biyu ke nan masanan ƙasar Sin suna jayayya a kan wannan tambaya.

Wani hakimin garin She ne ya yi wa Konfushiyas, shahararren malamin falsafa na ƙasar Sin, alfahari da cewa a ƙasarsa akwai mai gaskiyar da ya tona asirin mahaifinsa a kan satar tunkiya. Malamin, wanda aka haifa a ƙasar Lu a shekara ta 551 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce su a wajensu uba ke rufa wa ɗa asiri, ɗa ya rufa wa uba, kuma a nan gaskiya take.

Ba sata yake halattawa ba. Ya koyar da cewa ɗa ya yi wa iyaye nasiha cikin ladabi idan sun kauce. Hujjarsa ita ce a gida ake koyon biyayya da amana, kuma wanda ya iya cin amanar ubansa, sarki bai kamata ya saki jiki da shi ba. A ganinsa, bulala tana sa mutane su guje wa laifi don tsoro kawai, tarbiyya kuwa ita ke sa su ji kunyar aikata shi.

Masarautar Qin ta bi akasin haka. Wazirinta Shang Yang ya kasa gidaje biyar-biyar da goma-goma, kowa na sa ido a kan maƙwabcinsa, wanda ya ƙi tona asirin mai laifi a sare shi gida biyu. Da irin wannan tsauri Qin ta haɗe ƙasar Sin a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa, amma daular ba ta wuce shekara 15 ba ta rushe.

Daular Han, wadda ta gaji Qin, ta koma ga maganar Konfushiyas. A shekara ta 66 kafin haihuwar Annabi Isa, Sarki Xuan ya yi dokar cewa ba a hukunta ɗan da ya ɓoye laifin iyayensa. Kundin dokokin daular Tang na shekara ta 653 miladiyya ya ƙara gaba: wanda ya kai ƙarar iyayensa, hukuncinsa kisa ne.

Sai dai a lura, an yi togiya. Idan laifin uban shirya tawaye ne, to dole ɗa ya tona. Wato sarakunan sun girmama zumunci ne matuƙar bai taɓa karagarsu ba. Talakan da aka sace wa tunkiya kuwa, shi aka bar wa haƙuri, kuma a nan nake ganin tsarin ya gaza.

Maganar ba ta mutu ba. A gyaran dokar shari'ar laifuka na shekara ta 2012, ƙasar Sin ta hana kotu tilasta wa iyaye ko 'ya'ya ko matar aure ko mijin wanda ake tuhuma su bayyana a gabanta don ba da shaida.