Lacca: 'Yar Ƙwaƙwalwa Mai Ƙafa Takwas

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu huɗu zan taɓo a kan 'yar abar nan da ke tafin hannuna, ATtiny85, ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki da ake rubuta wa shiri ta sarrafa na'ura.

Na farko, cikinta. Filash kilobait 8, nan shirinka yake zama. RAM, ma'ajiyar wucin gadi da ke gogewa in an ɗauke wuta, bait 512. EEPROM, mai riƙe bayanai ko babu wuta, ita ma bait 512. Daɗin filash shi ne ka goge ka sake rubutawa har sau 10,000, kuma ko an ɗauke wuta shirin yana nan daram. Ƙafa biyu na wuta ne, ɗaya ta risat, wato mai mayar da shiri farko, biyar naka. Da biyar ɗin nan za ka kashe famfo idan tanki ya cika, ko ka kunna fitilar sola da magariba.

Na biyu, ku buɗe kunne: kafasita. 'Yar mitsitsiyar nan mai lamba 104, wato nanofarad 100. Tsakanin ƙafa ta 8 da ta 4 ake sa ta, dab da jikinta. Dab fa! Ba can ƙarshen allo ba. Ita wannan ƙwaƙwalwa fizgar wuta take yi, fizga-fizga, sau miliyan a daƙiƙa. Doguwar waya ba ta iya kawo wutar a kan kari, sai ta faɗi na ƙiftawar ido, shiri ya koma farko. Mutum ya kwana yana binciken shiri, alhali lafiyarsa lau. Ku da kuke haɗa na'urar sauya wuta daga layi zuwa janareto a Tudun Wada da Kawo, ku ya fi shafa: rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa, na cewa ƙas, sai komai ya rikice. Af, rile! Kada ka ɗaura shi kai tsaye a ƙafa. Iyakar ƙafa miliam 40 ne, shi kuwa mai bolt 5 yana jan kusan 70. Sa tiransisto BC547 da resista 1k, ka gitta dayod 1N4007 a kan nadin rilen. Sannan 104. Na faɗa ko? Zan sake: 104. Wanda ya manta, shi zai sayi shayin kowa.

Na huɗu... na uku ne? To. Sabuwa tana gudu a megahaz 1, domin fis ɗinta, wato saitin da ke cikinta, yana raba megahaz 8 na agogonta gida takwas. Ka rubuta shiri da lissafin 8, jiran daƙiƙa ɗaya ya zama takwas.

Na'am, samari?

"Malam, tawa ta daina amsa USBasp bayan na taɓa fis."

USBasp, wato na'urar da ake loda mata shiri da ita. Kada ka yar, ba ta mutu ba. Galibi ɗayan biyu ne. Idan kiristal na waje ka zaɓa ya zama agogonta, ɗaura shi a ƙafa ta 2 da ta 3 da kafasita biyu masu fikofarad 22, za ta farka. Idan kuwa risat ka kashe, sai na'urar da ke ba ƙafa ta 1 bolt 12. Ka kawo ta nan gaba bayan Azahar mu gwada kiristal tukuna.