Kiɗan Baroque: Wa Ke Biya, Wa Ke Kaɗawa?

Jama'a, barkanmu da sake saduwa. Ku kasa kunne ga abin da ke tashi a bayan muryata. Goge ne irin na Turawa, da yawa, suna gudu tare, sai ɗaya ya fice ya yi ta nuna gwaninta, sauran su dawo su rufa masa baya. A ƙarƙashi kuma akwai wani sauti mai kauri da ba ya tsayawa. Irin wannan shi ake kira kiɗan Baroque, wanda ya yi tashe a Turai tun daga wajen shekarar 1600 har zuwa 1750.

In kuna son ku gane shi, ku bi sawun kuɗi. A wancan zamani makaɗi ba ya tsara abin da ransa ke so. Bara ne, yana da ubangida, kuma inda ubangidan ke zaune da abin da yake son nuna wa duniya su ke yanke irin kiɗan da za a yi.

Mu fara da Italiya. A birnin Florence wasu masana da masu sarauta suka riƙa zama a gidan wani basarake, Giovanni Bardi, suna tattauna yadda Girkawan dā ke wasan kwaikwayo. Suka yi zaton da waƙa ake yin sa daga farko har ƙarshe. Daga nan aka samu opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera kowace magana a cikinsa. A 1600 aka nuna ɗaya daga cikin na farko-farko a bikin auren Maria de' Medici da sarkin Faransa. A 1607 Claudio Monteverdi ya tsara wa gidan sarautar Mantua nasa, Orfeo, wanda har yau ana nuna shi.

Wannan sabon salo ya zo da wata dabara. A dā muryoyi huɗu ko biyar ne ke saƙa da juna, har kalmomin su ɓace. Yanzu sai aka bar murya ɗaya a sama tana kuka ko fushi ko roƙo, a ƙasa kuma ga sautin nan mai kauri yana riƙe da ita. Ban da muryar sama, mai tsara kiɗan layin ƙasa kawai yake rubutawa, ya sa 'yan lambobi a kai, mai buga hafsikod, wani abin kiɗa mai kama da fiyano, shi zai cike sauran da kansa nan take. Shi ya sa kiɗa ɗaya ba ya fita iri ɗaya a hannun mutum biyu.

Fada ita ce babbar mai cin wannan kasuwa, kuma ba wanda ya kai Sarki Louis na 14 na Faransa. Shi kansa ɗan rawa ne. A 1653, yana saurayi, ya fito fili ya yi shiga kamar shi ne rana, ya taka. Yana da ƙungiyar masu goge 24 tasa ta kansa, kuma ya ɗora wani ɗan Italiya, Jean-Baptiste Lully, a kan harkar kiɗan fada, har ya ba shi ikon da ba mai nuna opera a Faransa sai da yardarsa. Kiɗan Lully na ƙasaita ne, yana farawa a hankali da nauyi, daidai takun sarki in zai shigo. Ƙarshensa kuwa abin tausayi: da doguwar sanda yake buga ƙasa don daidaita makaɗa, wata rana ya soki ƙafarsa da ita, ciwon ya ruɓe, ya ƙi yarda a yanke, ya rasu a 1687.

Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan tsari ba. Yadda ba a busa wa kowa kakaki ko a buga masa tambari sai sarki, haka a ƙasashen Jamus masu busa ƙahon ƙarfe da masu manyan ganguna suke da ƙungiyarsu da dokar sarki ta kare, ba a kiran su bikin talaka.

Kada ku ɗauka bara a nan kalmar ado ce. A 1717 Johann Sebastian Bach, wani Bajamushe mai tsara kiɗa, ya matsa wa ubangidansa na Weimar lamba a sallame shi don ya sami wani aiki. Sai aka kulle shi kusan wata guda. Da ya fito ya koma Köthen, inda yariman wurin ke bin ɗarikar da ba ta son kiɗa mai yawa a coci, sai Bach ya duƙufa kan kiɗan kayan busa da na tsirkiya. Da ya koma Leipzig a 1723, ƙarƙashin majalisar gari da coci, aiki ya canja: kusan kowace Lahadi ana bukatar kantata, wato waƙar ibada ta mawaƙa da makaɗa wadda ta dace da karatun ranar. Kimanin 200 ne suka tsira zuwa yau. Mutum ɗaya ne, amma da ubangida ya sauya sai kiɗa ya sauya.

Yaƙi ma ya sa hannu. Yaƙin shekara talatin, daga 1618 zuwa 1648, ya tsiyata fadojin Jamus, makaɗa suka watse. Heinrich Schütz na Dresden ya koma rubuta waƙoƙin ibada na mutum ɗaya ko biyu ko 'yan kaɗan, don su ne suka rage masa.

Sai dai ni a ganina, abin da ya fi girgiza harkar ya faru ne a birnin Venice na Italiya. A 1637 aka buɗe gidan opera na San Cassiano, inda duk mai kuɗin tikiti zai shiga. Daga ranar mai sauraro ya zama ubangida. Jama'a kuwa me suke so? Murya mai ban mamaki. Nan mawaƙa suka zama taurari, musamman mazan da aka yi wa dandaƙa tun suna yara don kada muryarsu ta buɗe. Irin su Farinelli sun yi arziki da suna, amma yara da yawa daga gidajen talakawa an yi musu wannan aika-aika ba su kai ko'ina ba.

A Venice ɗin dai akwai gidan marayu na Pietà, inda ake koya wa 'yan mata kiɗa, baƙi na zuwa daga nesa su saurare su daga bayan shinge. Malaminsu tun daga 1703 shi ne Antonio Vivaldi, limamin Kirista mai jan gashi. Ya rubuta kwancato wajen 500, da yawa dominsu. Kwancato shi ne salon nan da kuka ji da farko, na mai kiɗa ɗaya yana musayar magana da taro. Ga kuma kayan aiki a kusa, domin a lokacin Antonio Stradivari na ƙera goge a Cremona.

Wanda ya fi kowa iya karanta kasuwa shi ne George Frideric Handel, Bajamushe da ya zauna a Landan. Tun 1711 yake sayar wa mutanen Ingila opera da Italiyanci. Da kasuwar ta fara mutuwa, ga tsadar mawaƙa da kayan ado, sai ya juya zuwa oratoriyo: labarin littafin addini, da Ingilishi, ba shigar wasa, ba kayan dandamali, ga rundunar 'yan amshi mai cika ɗaki. A watan Afrilu na 1742 aka fara rera oratoriyonsa mai suna Messiah a Dublin don tara kuɗin taimako. Saboda cunkoso aka roƙi mata kada su sa abin nan mai buɗa siket, maza kuma su bar takubbansu a gida. Da haka zauren mutum 600 ya ɗauki 700, kuma daga kuɗin da aka tara aka fitar da mutum 142 da bashi ya kai su kurkuku.