Kana son gudun fanfalaki amma aiki ya sha maka kai: wane tsarin atisaye za ka ɗauka?

To jama'a, yau maganar masu son shiga gudun fanfalaki ce, cikakken nan mai kilomita 42 da mita 195, amma ga ofis ga kasuwa ga iyali ga bikin 'yan uwa duk Asabar. Ka shiga intanet ka ga tsare-tsaren atisaye barkatai kowa na cewa nasa ne daidai, wanne za ka ɗauka?

Kafin ka buɗe ko ɗaya, ɗauko kalanda. Duba satin da ya fi kowane cakuɗewa a watan da ya wuce, wanda aka riƙe ka a ofis har isha'i ko ka yi diyutin dare, ka tambayi kanka tsakani da Allah sau nawa za ka iya fita gudu a irin wannan satin. Uku? Huɗu? To wannan lambar ita ce taka, da ita za ka je neman tsari, don mutane da yawa satin hutu suke aunawa su ɗauko mai kwana shida, wata ɗaya sai ka ji shiru.

Mu ɗauki misalin gudun Legas, wanda aka fara a 2016 kuma galibi ake yi a watan Fabrairu. Yawancin tsare-tsare sati 16 zuwa 18 ne, kenan in ka ƙirga baya wajen tsakiyar Oktoba za ka fara, kuma fa ana so kafin nan ka riga ka saba da kilomita 8 ko 10 ba tare da ka zube ba.

Akwai na wani kociya ɗan Amurka Hal Higdon, na 'yan koyo, sati 18, gudu kwana huɗu a sati, uku gajeru a tsakiyar mako sai dogo ɗaya a ƙarshen mako wanda ke farawa daga wajen kilomita 10 yana hawa a hankali har 32. Babu zancen sauri, ka dai gama. In wannan ne karon ka na farko ni shi zan ce ka riƙe.

Akwai kuma tsarin da ake kira FIRST na jami'ar Furman ta Amurka, shi ne ke ruɗar masu aiki saboda gudu uku kacal ne a sati, sai mutum ya ce alhamdulillah na samu. Amma tsaya, ukun nan duk masu zafi ne, ɗaya na sauri a fili, ɗaya mai matsi, ɗaya dogo, sannan akwai kwana biyu na keke ko ninƙaya a kai, kaga an koma kwana biyar ke nan, kuma ƙafar da ba ta saba ba in ka ɗora mata wannan saurin gwiwa ce ko ƙwauri za su fara kuka. Na Hansons kuwa, wasu kociyoyi 'yan uwan juna a Amurka, kwana shida ne, duk da dogon gudunsa bai wuce kilomita 26 ba. Mai diyuti ya wuce kawai.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne dogon gudun nan lokaci yake ci ba na wasa ba. In kana cin kilomita ɗaya a minti bakwai, 32 zai kai ka kusan awa huɗu, ka fita bayan sallar asuba ƙarfe shida ba ka dawo ba sai wajen goma, rana ta riga ta ɗaga, gishirin zufa ya bushe fari a wuyan rigarka, ƙafa ta yi nauyi, kuma ranar nan ba ka da wani kataɓus sai wanka da abinci da barci. Don haka tun yanzu zaɓi ranar, Asabar ko Lahadi ko duk ranar da ba ka buɗe shago, ka sanar da mutanen gida. Gajerun kuwa ana iya matsa su ko'ina, har ma ka yar da ɗaya in sati ya ƙi, amma dogon kar ka taɓa shi.

Mu da ke arewa atisayen Legas a hunturu yake faɗowa, sanyin safe yana taimakawa sosai sai dai ƙura, sannan ka sani can gumi ne da zafin teku, don haka ka koyi shan ruwa kana cikin gudu tun a gida. Ka kuma duba ko azumi zai shigo cikin satuttukanka, in zai shigo a lokacin da gudun ya fi tsawo gara ka nemi wata gasar.

Idan ka rasa sati guda saboda tafiya ko zazzaɓi, kar ka ce za ka rama ka haɗa biyu a wuri ɗaya, ci gaba daga inda jikinka yake. Sati biyu zuwa uku na ƙarshe kuma rage gudu ake yi don jiki ya huta kafin ranar, ko da kana jin ƙarfi kar ka ƙara komai.